Yadda Ake Zaɓen Kan Magana Don Makarantar Hutu Ta Yara A Ikkilisiya

Wata shekara wani ɗan ikkilisiyarmu da ke karatu a Amurka ya aiko mana da kwali guda na kayan makarantar hutu. Muka taru a ofishin Baba Fasto muka buɗe shi kamar masu buɗe lefe: hotuna masu sheƙi, faifan waƙoƙi, littafin malami, har da hulunan takarda. Kan maganar kuwa tafiya ce zuwa ƙarƙashin teku. Ba wanda ya yi gardama, ni ma ban yi ba. Muka lulluɓe bangon majami'a da shuɗin yadi, muka rataya kifayen kwali. Yaranmu kuwa ruwan da suka sani bai wuce rafin bayan gari da kududdufin da ake buga bulo ba. Litinin da Talata suka ƙare wajen bayanin halittun ruwa. Ranar Laraba wata uwa ta tare ni a bakin famfo ta ce, "Malama, na tambayi 'yarki abin da kuka koya musu, ta ce wai akwai kifi mai ƙafa takwas." Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ranar Juma'a da muka nemi masu faɗin ayar haddacewa, yatsun hannu ɗaya sun isa a ƙirga su.

Kayan ba su da laifi, an yi su ne domin waɗansu yara dabam. Mu ne muka fara da ado, sa'an nan muka shiga laluben abin da za mu koyar. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Asalin shirin ma daga can yake. A shekarar 1898 wata mata mai suna Virginia Hawes ta yi hayar wani ɗakin shan giya a birnin New York, ta riƙa tara yaran da ke gararamba a titi lokacin dogon hutu tana koya musu Littafi Mai Tsarki. Daga irin wannan ƙaramin mafari abin ya bazu, har yau kamfanonin buga littattafai a Amurka suke fitar da sabon kan magana kowace shekara, haɗe da kayansa a kwali. A wurinmu waɗansu na ce masa VBS, wato Vacation Bible School da Turanci, waɗansu makarantar hutu kawai. Sai dai hutunmu ba irin nasu ba ne. A Nijeriya yakan kama daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba, a Nijar har ya kai bakin Oktoba, wato tsakiyar damina: ana noma, ruwa na sauka ba sallama, zazzaɓin cizon sauro na kwantar da yara, ga ɗanyar masara a kowane murhu. Wanda zai zaɓi kan magana, da wannan lokacin zai yi lissafi.

Mataki na farko: ku san yaran kafin ku buɗe littafi

Ku fara tun watan Mayu, ko farkon Yuni in kun makara. Mutum huɗu zuwa shida sun isa. In kwamiti ya wuce haka, muhawara za a yi ta yi. A tabbata akwai malaman makarantar Lahadi da suke shiga aji da gaske, da mace ɗaya daga Zumuntar Mata, da wani mai kula da Birged, ƙungiyar nan ta yara masu fareti, in kuna da ita, da matashi ɗaya wanda bai daɗe da fita daga ajin yara ba. Shi wannan na ƙarshe shi zai gaya muku abin da ya gundure su a bara, in kun ba shi dama ya yi magana.

A zaman farko kada kowa ya kawo kan magana. Tambaya ɗaya za a yi: me ke damun yaranmu bana? A bar iyaye mata su fara, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za ku ji abubuwan da ba sa fitowa a taron dattawa. Wata za ta ce nata ba ya yarda ya fita fitsari da dare tun da aka ji harbi a unguwa. Wata ta ce kuɗin cefane ya fara ɓacewa a gida. Malamin firamare ya ce satar amsa ta sauko har aji uku. Wani ya kawo zancen zagi, wani na waya, wani na marayun da suka ƙaru a ikkilisiya. Ku rubuta duka, sa'an nan ku duba wanne ne ya fito daga baki fiye da ɗaya. Shi ne ciwon da za ku nema wa nassi.

Bayan haka sai ƙidaya, kuma kada a yi ta da ka. Yara nawa ne 'yan shekara 4 zuwa 6, nawa ne 7 zuwa 9, nawa ne 10 zuwa 12? Nawa ne suke iya karatu da kansu? Da wane harshe suke wasa a waje, Hausa, Turanci, ko yaren gida? A majami'un birni kamar na Jos da Kaduna sau da yawa yaro yana jin Hausa sarai amma bai taɓa karanta ta ba. A ƙauye kuma akasin haka ake samu, Turancin yana a allo kawai. Kan maganar da ya dogara ga rubuce-rubuce zai bar rabin aji a baya.

Akwai kuma yaran maƙwabta. Duk inda aka ji kiɗa da ƙamshin abinci za su zo, waɗansunsu ba 'ya'yan Kirista ba ne. Ku yanke shawara tun yanzu cewa ba yaron da zai zauna sai iyayensa sun san abin da ake koyarwa sun kuma yarda. Kada a ce musu lesin ne alhali makarantar Littafi Mai Tsarki ce. Kan maganar da kuke jin kunyar rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar gayyata, ko wanda zai sa yaro ya koma gida yana muzanta addinin iyayensa, ku ajiye shi.

Mataki na biyu: me aka riga aka koyar?

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ku tuno kan maganar shekara uku ko huɗu da suka wuce, ku kuma duba littafin makarantar Lahadi na bana don kada ku maimaita abin da aka gama a watan Yuni. In Dawuda da Goliyat sun fito sau uku a jere, a bar Goliyat ya huta. Ku lura kuma ko kun daɗe a Tsohon Alkawari ba ku leƙa Sabo ba.

Ɗarikoki irin su ECWA, COCIN da EYN sukan fitar da kan maganar shekara, kuma za a samu wanda zai ce a ɗauke shi kawai a ba yara. An tsara shi ne domin manya. In yana da reshen da yaro zai iya kamawa, ku kama reshen. In babu, ba laifi ba ne a bar shi a kalandar majami'a.

Mataki na uku: jimla ɗaya, daga nassi

Nan ne aikin yake. Ku ɗauki ciwon da kuka gano, ku nemi nassin da yake magana a kansa da gaske, sa'an nan ku matse abin da nassin ya ce ya zama jimla ɗaya wadda yarinya 'yar shekara shida za ta iya faɗa wa uwarta a bakin murhu. "Bangaskiya" ba jimla ba ce, kalma ce. "Tsarkakewa cikin zamanin ƙarshe" kuma na taron fastoci ne. Amma "Allah yana tare da ni ko ina jin tsoro" jimla ce, "Maganar Allah iri ce, tana tsirowa a zuciya" ita ma jimla ce.

Tarkon da muka fi faɗawa shi ne mu fara samun suna mai daɗin faɗa, sa'an nan mu shiga farautar ayoyin da za su tallafe shi. A haka ake yanko aya daga tsakiyar zancenta a sa ta faɗi abin da ba ta faɗa ba. Kowace ayar da aka kawo, wani ya karanta surar gaba ɗaya da ƙarfi a gaban kwamiti. In jimlarku ta tsira bayan karatun, ta cancanta.

Kada kuma a haɗa biyu don a faranta wa kowa rai. Mun taɓa gwada "biyayya da bayarwa" saboda dattijo ɗaya yana son wannan, ma'aji yana son wancan. Taura biyu ba ta taunuwa.

Mataki na huɗu: ku raba shi kwana biyar, ku ga ko zai kai

Yawancin makarantun hutu daga Litinin zuwa Juma'a ne, a rufe ranar Lahadi a gaban iyaye. Saboda haka kan magana yana bukatar labari biyar, kowanne da mutane a ciki da abin da ya faru, dukansu kuma suna komawa ga jimla ɗayan nan. Da yawa sukan yi kyau a baki, amma ranar Laraba sai a ga man ya ƙare. Ku gwada a takarda tun yanzu.

Bari in nuna da wanda na fi amincewa da shi a damina, wato na iri da gona. Jimlar ita ce ta irin nan da na kawo a sama, daga Luka 8:11, inda Yesu ya bayyana cewa iri shi ne Maganar Allah. Ranar Litinin misalin mai shuka, Markus 4:1-20, da wurare huɗun da iri ya faɗa: hanya, kan dutse, cikin ƙaya, da ƙasa mai kyau. Ba sai an yi wa ɗan manomi dogon bayani ba, shi zai gaya muku irin tsuntsayen da ke tone shuka a gonarsu. A ranar kowane yaro ya zo da gwangwanin madara, a huda gindinsa, a cika da ƙasa, ya shuka wake biyu ko uku, a rubuta sunansa a jiki. Da ɗumi da laimar damina wake yakan leƙo cikin kwana uku zuwa biyar, wato kafin a rufe za su ga tsiro da idonsu. Ku shuka ƙarin gwangwani goma a ɓoye, don za a samu wanda nasa bai fito ba, ko akuya ta riga shi, kukan kuma ba ƙarami ba ne. In kuna so ku nuna wurare huɗun a zahiri, ku shuka su a faranti huɗu mako biyu kafin a fara. Cikin kwana biyar na kan tsakuwa ma zai fito da kyau, sai daga baya yake yaushi, yadda misalin ya ce.

Talata, irin da yake tsirowa manomi na barci, da ƙwayar mustad, Markus 4:26-32. Yaranmu ba su san mustad ba. Ku zuba musu irin alayyafo a tafin hannu su ga ƙanƙanta, amma ku gaya musu cewa kwatanci ne kawai. Laraba, kurangar inabi da rassanta, Yahaya 15:1-8. A yanke reshen mangwaro ko na kabewa tun ranar Litinin a ajiye a gefe ba tare da an ce kome ba. Ranar Laraba a ɗauko shi ya yi laƙwas, ya yi rabin koyarwar da kansa. Alhamis ranar ba da 'ya'ya ce. Galatiyawa 5:22-23 ta jera albarkar Ruhu guda tara, amma jeri ba labari ba ne, don haka a kawo Zakka mai karɓar haraji, Luka 19:1-10, wanda ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Yaron da hannunsa ya fara shiga jakar uwarsa zai ji wannan ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Juma'a, yarinyar da aka kamo daga Isra'ila tana yi wa matar Na'aman hidima, 2 Sarakuna 5. Magana ɗaya ta faɗa, shugaban yaƙin Suriya ya warke daga kuturta: yaro ma mai shuka ne.

A wannan jeri akwai labarin da muka so ƙwarai mu sa, muka cire. Shi ne na ciyawa cikin alkama, Matiyu 13:24-30. Ya dace da damina, har wani malami ya ce zai kawo shibra da gero yara su gwada bambancewa. Da muka karanta bayanin da Yesu ya yi daga aya 36, sai muka ga a can iri mai kyau 'ya'yan Mulki ne, ba Maganar ba. Ka ce wa yaro ranar Litinin iri abu kaza ne, ranar Laraba ka ce wani abu ne dabam, ka rikita shi ke nan. Labari mai kyau ne, amma na wata shekara.

Na biyu da ba ya ba ni kunya shi ne Yusufu, Farawa 37 zuwa 50, domin labari ɗaya ne mai ci gaba, yara sukan dawo washegari don su ji yadda aka ƙare. Jimlar tana cikin sura 39, inda aka maimaita cewa Ubangiji yana tare da Yusufu. Kwanakin sun raba kansu: rijiya da sayarwa yana ɗan shekara 17, gidan Fotifar, kurkuku, gaban Fir'auna yana da shekara 30, da shekara bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa, sa'an nan haɗuwa da 'yan'uwa da gafara, har zuwa 50:20. Rumbu da ajiyar hatsi abin gida ne. 'Yan'ubanci ma abin gida ne, kuma a nan ne za ku ga yara sun yi tsit. Abu biyu ku shirya. Sura 38 a tsallake ta. Zancen matar Fotifar kuma malamai su daidaita bakinsu tun kafin ranar: ga ƙanana ya isa a ce ta so ya yi abin da Allah ya hana, ya gudu, ta yi masa ƙazafi, ga 'yan 10 zuwa 12 dama ce ta gaya musu cewa in babba ya nemi ya taɓa su ta hanyar da ba ta dace ba, su ƙi, su gudu, su faɗa wa wanda suka amince da shi.

In abin da ya fito a zamanku na farko tsoro ne, labaran suna da yawa: hadiri a teku, Markus 4:35-41, Daniyel a kogon zakoki, sura 6, abokansa uku a tanderu, sura 3, ƙetare teku a Fitowa 14. Amma ku auna jimlar da ma'auni mai kyau. Kada ku ce "Allah ba zai bar kome ya same ni ba." A ajin akwai mai yiwuwa yaron da aka kashe mahaifinsa yana zaune, zai kuwa tambayi kansa, ko bai tambaye ku ba, me ya sa ba a rufe bakin zakokin gidansu ba. Abokan Daniyel da kansu sun ce Allah yana da iko ya cece su, amma ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Yana a 3:17-18. Zabura 56:3 kuma ba ta hana jin tsoro ba, ta faɗi inda ake kai shi. Irin wannan jimla ce za ta tsaya a gaban maraya.

Akwai biyu da nake so a yi taka-tsantsan da su. Makaman Allah na Afisawa 6:10-18 yara maza na sonsa, kayan guda shida kuma suna da sauƙin yi da kwali. Sai dai kafin Laraba goshin wani ya kumbura da takobin kara, kuma in kun tambayi aji wane ne abokin gaba, kada ku yi mamaki in an ambaci mutanen wata unguwa. Aya 12 ta ce kokawar ba da nama da jini ba ce. In malamanku ba za su iya riƙe wannan ayar kullum ba, ku bar shi. Haka kuma Makiyayi Mai Kyau, Zabura 23 da Yahaya 10 da Luka 15:3-7. Yana cikin mafi daɗin kan magana, amma a wuraren da rikicin manoma da makiyaya ya taɓa, kalmar kanta tana iya tada wa yaro hankali. Ban ce a guje shi ba. Malami dai ya san abin da zai ce in zancen ya taso, kada aji ya koma wurin zagin wata kabila.

Mataki na biyar: gwaji da malami da yaro

Ku ɗauki malamin da ya fi kowa sabunta a cikinku, ku ba shi labarin ranar Talata, ku ce ya koyar na minti goma. Yawancin masu koyarwa a makarantar hutu matasa ne da suka dawo hutu, ba waɗanda suka yi makarantar tauhidi ba. In kan maganar sai gwani ne zai iya shi, aji ɗaya ne kawai zai amfana. Daga nan ku faɗa wa yaro ɗan shekara biyar jimlar, ku sake tambayarsa washegari. Ku kuma tambayi kanku abin da ɗan shekara 12 zai samu wanda bai riga ya sani ba, domin su ne suke fara zamewa zuwa filin ƙwallo. Kan magana ɗaya ne ga kowa, zurfin ne yake bambanta.

A nan ne kuma za a tsayar da fassarar da za a yi amfani da ita, abin da mutane ke rainawa har sai ya kawo rikici. Littafi Mai Tsarki na Hausa na 1932 yana nan a hannun tsofaffi, na 1979 kuma ya cika majami'u, ga sababbi a waya. A tsohon za ka ga Matta da Yohanna, a na 1979 Matiyu da Yahaya. Wancan ya ce Kristi, wannan ya ce Almasihu. Yaro ya haddace aya a aji, ya je gida kakarsa ta ce ba haka take ba, ya dawo da wata dabam. Ku zaɓi ɗaya, ku kwafe ayar daga littafin harafi da harafi, kada daga ka. Aya ɗaya ta dukan mako ta fi biyar da za a manta. Manyan yara a ƙara musu. Ga kan maganar iri, Zabura 119:11 ta zauna daidai.

Mataki na shida: kuɗi da ruwan sama

Ku tambayi ma'aji abin da ke akwai kafin ku ƙulla buri. Abinci ne yake cin mafi yawan kuɗin makarantar hutu, haka kuma ya kamata, don yaro mai jin yunwa ba ya jin Zakka. Kan maganar da zai sa a rage shinkafa don a buga riguna, a sake tunani. Mai kyau shi ne wanda kayansa suke a tsakar gida: gwangwani, kara, yumɓu, tsofaffin kwalaye, zanen Mama Fasto a matsayin rigar Yusufu.

Ku tuna da rufin kwano. In ruwa ya sauko da ƙarfi ba mai jin muryar malami, ga wuta ta ɗauke. Kowace rana ta zama tana da abin da za a iya nunawa ba da baki ba: wasan kwaikwayo, waƙa mai motsin hannu, aikin hannu. A ƙauye kuma ku daidaita lokaci da iyaye, domin safiya ta gona ce. In kun nace sai ƙarfe takwas, ƙanana kaɗai za ku gani.

Wata 'yar magana a gefe. Waɗansu sukan gina dukan makon a kan littafin nan marar rubutu mai launuka biyar, wanda kowane launi yake nuna wani sashe na bishara, launi ɗaya kowace rana. Yana da arha, yana kuma raba kwanaki da kyau. Amma ku kula da harshenku a shafin zunubi. Na taɓa jin malami yana cewa "baƙi shi ne zunubi, fari shi ne tsarki," na ga wata yarinya tana duban bayan hannunta. Ku ce duhu, ku ce datti, ku ce tsabta.

Mataki na bakwai: gaban Baba Fasto da dattawa

Ku je da takarda ɗaya: ciwon da kuka gani, jimlar, labarai biyar da nassoshinsu, ayar haddacewa, da kiyasin kuɗi. Ku kawo kan magana biyu, kuna da wanda kuka fi so. Kada ku shiga kamar masu sanar da hukunci. "Baba, ga abin da muka gani wajen 'ya'yanku, mun zo ku duba mana ko nassin ya zauna daidai." Sau da yawa zai ga kuskuren koyarwa da ya wuce ku, wannan kuwa aikinsa ne. In kuma shi ko wani dattijo ya kawo nasa mai nauyi, ba a musu da babba a gaban jama'a. Ku ce, "To Baba, ku taimake mu, wane labari za mu ba 'yan shekara biyar ranar Laraba?" In ya samo, kun ƙaru. In ya yi shiru ya yi murmushi, zance ya ƙare ba wanda ya ji kunya.

Sai suna, daga ƙarshe

Yanzu ne lokacin abin da muka saba farawa da shi. Sunan ya zama gajere, kalma uku zuwa biyar, wanda za a iya amsa-kuwwa da shi. Malami ya ce "Zuciyata!" yara su ce "Gonar Allah!" Wannan ma yana da tushe, 1 Korintiyawa 3:9. In ikkilisiyarku tana sujada da harshe biyu, a rubuta shi da duka biyun, amma a tabbata na Hausar ba fassarar dole ba ce. Ku ba matasan ƙungiyar mawaƙa jimlar mako uku kafin a fara, su ɗora mata waƙa mai baiti biyu da amshi, wadda ganga da kacau-kacau za su iya ɗauka ba sai da jita ba. A sanar a sujada Lahadi uku a jere, a gaya wa iyaye abin da za su tambayi yara kowace yamma. Ado kuma abin da ya rage na kuɗi da ƙarfi, shi za a yi da shi.

Ranar Lahadin rufewa, bayan yara sun yi wasansu sun karɓi tafi, wani daga kwamiti ya tsaya a bakin ƙofa ya tambayi iyaye mata biyar ko shida abin da yaransu suka riƙa faɗa a gida cikin makon. Abin da suka ce, a rubuta shi yadda suka faɗa, haɗe da kan maganar, da labarin da ya kama, da wanda ya faɗi, da yawan yaran kowace rana, da abin da aka kashe. A sami littafi mai kauri a keɓe shi domin wannan kaɗai, a damƙa wa magatakardan ikkilisiya, domin malamai suna aure, suna tafiya makaranta, ana yi musu canjin wurin aiki. A sa shi cikin leda kafin a ajiye a kabad. Namu na farko gara ce ta cinye shi.